Yadda na daina tsoron kwamfuta har na koma ina koyar da ita

Salam 'yan uwa. Wata ɗalibata ce ta matsa min lamba in rubuta wannan, tace akwai mata da yawa irina da suke ganin lokaci ya riga ya wuce musu a harkar kwamfuta, shine nace to bari in zauna in faɗi yadda tawa ta kasance ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ni sai da na haura shekara talatin kafin yatsana ya taɓa kibod. Aure nayi da wuri, yara suka zo, karatu ya tsaya a sakandare. Da Allah ya yiwa maigidana rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama, sai na wayi gari ni ce uwa ni ce uba, kuma duk inda naje neman aiki ko da na ajiye takardu ne tambaya ɗaya ake min, kin iya kwamfuta? Sai in sunkuyar da kai. Wlh wannan tambayar ta sha hana ni barci, don ina da rubutu mai kyau, ina da lissafi, amma duk wannan ba a kallonsa.

Ƙanina ne ya share min hawaye. Lokacin yana jami'a, yana da wata tsohuwar kwamfuta irin ta tebur mai ƙaton sikirin, Windows XP ce a kanta, sai ya ɗauko ta ya kawo min ɗaki ya haɗa wayoyi yace Yaya daga yau taki ce. Ni kuwa ko kusa da ita bana son zuwa, gani nake idan na danna abin da ba daidai ba ƙonewa zata yi ko komai ya goge, kuma ba ni da halin biya. Yace min "Yaya, ba wani maɓalli a nan da za ki danna ta ƙone, kuma duk abin da zai yi ɓarna sai ta tambaye ki tukuna." Wannan maganar ta kwantar min da hankali sosai, kuma daga baya na tabbatar gaskiya ya faɗa, in za ka goge abu mai muhimmanci ko ka wanke faifai sai wani ɗan akwati ya fito yana tambayarka ka tabbata?

Abin da har gobe nake yi masa addu'a a kai shine bai fara da koya min taifin ba. Ranar farko kunna ta kawai yayi muka zauna muna kallo har ta gama tashi, sai yace duk abin nan da kike gani, koren maɓallin Start na ƙasa, dogon layin da agogo yake a ƙarshensa, ƙananan hotunan nan da ke kan fuska, duk manhaja ɗaya ce, ita ce babbar manhaja, wato Windows, ita ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya. In babu ita ƙarfe da roba kawai kike da shi. Ita ke karɓar abin da kika danna a kibod ta kai shi inda ya dace, ita ke magana da firinta, ita ke rabawa sauran manhajoji wurin aiki, ita ta san inda kowane fayil yake. Word da kike jin ana faɗa a kanta yake hawa, haka burauza, haka abin kallon bidiyo. Ni da a tunanina kwamfuta da Windows da Word duk abu ɗaya ne, ranar na gane ashe hawa-hawa ne.

Linzami ya ba ni wahala ba kaɗan ba, musamman danna biyu a jere, hannuna sai ya motsa tsakanin na farko da na biyu abin ya ja gefe maimakon ya buɗe. Paint ya buɗe min yace in ta zane, gida, bishiya, sunan yarana, har hannun ya saba. Sannan ya koya min dannan dama, yace duk abin da kika gani ba ki san me ake yi da shi ba ki ɗora kibiya a kai ki danna dama, zai jero miki abubuwan da za ki iya yi da shi. Har yau wannan ne abu na biyu da nake koyawa ɗalibaina.

Sai maganar ram da faifan ajiya, wadda a ganina duk wanda bai gane ta ba bai fara gane kwamfuta ba. Yace in rubuta sunana a Notepad, na rubuta da ƙyar ina neman haruffa ɗaya bayan ɗaya, ina gamawa kawai ya sa hannu ya zare wayar wuta. Na ce kai lafiya? Ya mayar ya kunna yace nemo sunan. Babu. Ya sake sa ni na rubuta, wannan karon yace in danna Ctrl da S in ba shi suna, ya sake zare wuta, da ta dawo ga sunana yana nan. Shine yake min bayani cewa ram tamkar saman tebur ne da kike baza takardun da kike aiki da su yanzu, faifai kuma shi ne durowar da kike adanawa, wuta na ɗaukewa sai a share saman teburin tas, abin da kika sa a durowa kaɗai ke tsira. Kuma idan teburin ƙarami ne kika tara abubuwa da yawa a kai dole aiki yayi nauyi, shi yasa kwamfuta mai ƙaramin ram take jan ƙafa in aka buɗe abubuwa barkatai. Tawa megabayit 512 gare ta, ita XP ɗin kanta da 128 ma tana tashi lafiya, yanzu kuwa Windows 11 ba ta hawa sai da gigabayit 4 mafi ƙaranci. Ya dai gargaɗe ni cewa zare wuta ba hanyar kashe kwamfuta ba ce, don in gani da idona yayi, hanyar da ta dace ita ce ta Start a zaɓi kashewa a bari ta rufe fayilolinta da kanta.

Inda na fi daɗewa shine fayil da folda, kuma nan ne nake ganin yawancin mutane ake barinsu a baya. Za ka ga mutum ya shekara yana amfani da kwamfuta amma in ka tambaye shi takardar da ya rubuta jiya tana ina sai yace tana cikin Word. Ba a cikin Word take ba, tana kan faifai a cikin wata folda, Word buɗe ta kawai yake yi. Ƙanina ya sa ni na yi ta ƙirƙirar folda cikin folda, in kwafi fayil daga nan in liƙa a can, in yanke in mayar, in canza suna, har sai da na iya karanta adireshin fayil daga C:, wato sunan babban faifan kwamfutar, zuwa ƙarshe ba tare da na ruɗe ba. Na taɓa tambayarsa me yasa aka fara da C, ina A da B, yace an ware su ne tun zamanin MS-DOS, babbar manhajar da ta gabaci Windows, wa ƙananan faifan nan na filofi da aka daina amfani da su, sunan ne ya zauna. Ya kuma buɗe min saitin da ke nuna wutsiyar sunan fayil, wato .doc da .jpg da .exe, don Windows ɓoye su take yi in ba kai ka ce ta nuna ba. Wannan ɗan saitin ya cece ni sau da yawa, saboda a lokacin akwai bairos da ke yawo a filashi yana shigar folda, hotonsa na folda ne sak amma wutsiyarsa .exe, wato ta manhaja, kana dannawa ya shiga. Ni ina gani nake gane shi.

Haka na koyi cewa abin da ka goge daga kwamfuta kwandon shara yake tafiya kana iya dawo da shi, amma in ka haɗa da Shift ko kuma daga filashi ka goge to ba ya biyawa ta kwandon. Na koyi cire filashi ta hanyar da ta dace kafin a zare. Na koyi Alt da Tab don tsallakawa daga wannan taga zuwa waccan, da Ctrl da Z don janye abin da ka yi yanzu. Ranar da ta fara daskarewa a hannuna ni kaɗai a gida gabana ya faɗi sosai, na kira shi a waya yace Yaya kwantar da hankalinki, danna Ctrl da Alt da Delete, Task Manager zai fito da jerin manhajojin da ke aiki, duba wanda aka rubuta baya amsawa ki rufe shi kaɗai. Na yi, komai ya dawo daidai. Daga ranar na gane manhaja ɗaya na iya maƙalewa alhali babbar tana nan lafiya tana jiran umarni.

Alhamdulillah bayan wani lokaci na samu aiki a wani ofis, taifin da ajiye bayanai. Windows 7 na tarar a can, wadda ta fito a 2009, fuskarta ta ɗan bambanta amma cikin kwanaki kaɗan na saba. A can na fahimci amfanin kowa ya samu akawun ɗinsa da kalmar sirrinsa, da bambancin akawun na mai gudanarwa da na mai amfani kawai, da kuma ɗabi'ar danna maɓallin Windows da L duk sanda zan tashi daga kujera don kulle fuska, saboda bayanan mutane amana ne a hannunmu.

Jarabawar gaske ta zo ne da aka kawo mana sababbin kwamfutoci masu Windows 8. Wadda ta fito a 2012 ce, babu maɓallin Start ɗin da aka saba da shi tun Windows 95, sai wasu manyan murabba'ai masu launi sun cika fuska. Ofis ya rikice, wasu da suka girme ni a aikin suka zauna sun kasa ko kashe ta. Ni ma da farko na tsaya kallo, sai na tuna ai fuska ce kawai aka canza, na danna Windows da E sai ga foldodi sun buɗe, ga C: a inda yake, Ctrl da S na nan, Task Manager na nan, dannan dama na nan. Kafin a tashi aiki ni ce nake zagayawa tebur-tebur ina nunawa mutane. Wani dattijo a cikinsu yace min "Malama, ke a ina kika koyi wannan sabuwar?" nace Baba ban taɓa ganinta ba sai yau. Wannan ce rana ta farko da wani ya kira ni Malama a kan kwamfuta, kuma sai da na je gida na yi kuka. A 2013 da 8.1 ta fito an dawo da maɓallin.

A watan Afrilun 2014 aka daina tallafawa XP, ma'ana ba sauran gyaran tsaro, ga tsohuwata ta gida ba ta da ƙarfin ɗaukar sabuwar Windows. Na ɗauka shikenan tata ta ƙare. Ƙanina yazo da filashi yace zai nuna min wata duniyar, ya kunna kwamfutar daga filashin kai tsaye ba tare da ya taɓa abin da ke kan faifai ba, sai ga wata babbar manhaja daban ta tashi. Lubuntu ce, wato ƙaramar 'yar uwar Ubuntu da aka yi don tsofaffin kwamfutoci, dukkansu Linux ne. Ya ba ni labarin cewa wani ɗalibi ne a ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, ya sake ta kyauta kowa ya duba ya gyara ya ƙara, Ubuntu kuma ta fito a 2004, har ma wayar Android da ke hannuna a kan zuciyar Linux aka gina ta. Abin ya ɗaure min kai, ace abu mai girma haka kyauta ne kuma halal ne ka kwafa ka bawa wani.

Linux ta sake mayar da ni ɗaliba kuma naji daɗin hakan. Babu C: babu D:, komai daga tushe ɗaya yake rassa, kayanka suna cikin foldar gida. Babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a sunan fayil. Fayil ɗin .exe baya tashi haka kawai, manhaja daga rumbun Linux na intanet ake sauko da ita. LibreOffice ne a madadin Word da Excel, yana buɗe takardun Word amma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce sai ka gyara. Baƙar tagar nan da ake rubuta umarni a ciki ita ce ta fi ba ni tsoro, amma da na rubuta sudo apt update da hannuna na ga layuka suna gudu sai tsoron ya koma sha'awa. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba, firintata sai da muka sha nema kafin muka samu direbanta, wato ƴar manhajar da ke sa babbar manhaja ta fahimci na'urar. Amma kwamfutar da aka ce ta mutu ta ƙara min shekaru tana aiki, a kanta manyan yarana suka koyi taifin.

Mac kuwa daga baya na haɗu da ita, wata mata ce ta kawo tata in taya ta shirya takardu. Maɓallan rufe taga suna hagu maimakon dama, Command ake dannawa a inda muka saba da Ctrl, in ka danna jan maɓalli taga ce ta rufe amma sau da yawa manhajar na nan a kunne sai ka yi Command da Q. Finder shine wurin foldodi. Ban fi ɗan lokaci ba na kama hanya. Abin da ya ɗan tsayar da mu shine faifanta na waje da aka tsara da NTFS, wato tsarin ajiyar fayil na Windows, Mac tana karantawa amma ba ta rubutu a kai, sai da muka kwashe kayan muka mayar da shi exFAT wanda dukkansu biyun suke ji. Irin wannan ne ma yake sa filashi mai tsohon tsarin FAT32 ya ƙi karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4 ko da akwai fili, mutane su ɗauka filashin ne ya lalace.

Wani abin da ya faranta min rai shine ranar da na gano a saitin harshe na Windows akwai kibod na Hausa, in ka ƙara shi sai ka riƙe Alt na dama ka danna k ko d ko b, ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito. Da shi nake wannan rubutun.

Yanzu koyarwa nake yi, yawanci mata ne da dattawa da matasan da ba su samu dama a makaranta ba. Kuma zan faɗi ra'ayina ko da wasu masu koyarwa ba za su ji daɗi ba, koyar da mutum ta hanyar haddar danna nan sannan danna can zalunci ne, don ranar da aka matsar da maɓallin ilimin ya tafi kenan, kuma kullum cikin matsar da shi ake, ko Windows 11 da ta fito a 2021 ta matsar da Start tsakiya. Ni makon farko gaba ɗaya ba ma buɗe Word, muna kan mene ne babbar manhaja, ina fayil yake zama, me ke cikin ram me ke kan faifai, yadda ake rufe abin da ya maƙale. Wasu suna ƙorafi suce Malama mu taifin muka zo koya, nace ku yi haƙuri za mu je. Waɗanda suka daure su ne suke kirana daga baya suce an ba su wata kwamfuta daban a wurin aiki kuma ba su sha wahala ba.

Abu ɗaya da nake faɗa da su a kai shine afdet, wato gyare-gyaren da Windows ke saukewa daga intanet. Da yawa kashewa suke yi saboda yana cin data ko yana sa kwamfuta ta sake kunna kanta ana tsakiyar aiki, na san da ciwo, amma ana iya saita masa lokacin da ba ka aiki. Nakan tuna musu abin da ya faru a watan Mayun 2017, lokacin da bairos ɗin WannaCry ya kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama har da asibitocin Birtaniya yana neman kuɗin fansa, alhali gyaran ƙofar da ya bi ya shiga ya fito tun watan Maris, waɗanda ba su sauke ba su abin ya ci. Sannan kwafin ajiya, duk abin da in ya ɓace za ka yi kuka to ya kasance yana wuri biyu, faifai na iya mutuwa ba sallama.

Abin da ke gabana a ƴan watannin nan shine laftof ɗin ɗalibai. Ranar 14 ga Oktoban 2025 tallafin Windows 10 ya ƙare, ita kuma 11 tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba tsohuwa sosai ba da fili gigabayit 64, da yawa daga cikin laftof ɗin da suke kawowa ba su cika sharaɗin ba duk da lafiyarsu ƙalau. Ɗaya bayan ɗaya muke dubawa da PC Health Check, manhajar da ke nuna ko laftof ta cancanta, wani ma TPM ɗin yana nan a kashe ne kawai sai mun shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, mun kunna. Wanda tasa ta cancanta mu kwashe kayansa a faifan waje mu ɗaga ta zuwa 11. Wanda tasa ba ta kai ba kuma aikinsa bai wuce rubutu da intanet ba nakan kunna masa Linux Mint daga filashi ya gwada ta tukuna ba tare da mun goge komai ba, ya duba ko waifai da sauti da firintarsa suna aiki, in ta kwanta masa sai mu ɗora. Masu amfani da wata manhajar aiki da sai a Windows take tashi su ne nake ce musu su yi rajistar ƙarin gyaran tsaro na shekara guda da aka bayar zuwa Oktoban 2026, kafin nan su san shawarar da za su yanke a kan laftof ɗin.